Inda Za a Binne Mabiyiyar Lototasi

Tsibirin Nanumaga,
Lahadi, bayan an taso daga coci.

Zuwa ga yayata Pulafagu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Telava da yara, ya kuma ɗauke miki ciwon gwiwar da sanyin Auckland ya ɗora miki. Mu nan da sauƙi. Maigidana Semese yana fita kamun kifi kullum, yana dawo mini da labari fiye da kifi. Barka da samun jika. Hoton Lototasi ya zaga gari, kowa ya ce hancin marigayi Baba ne sak, ni kuwa na ce Allah ya sa hancin kaɗai ta ɗauko, ban da faɗan. Yaya 'yarki Emaima da jego? Ki matsa mata da romon kifi da madarar kwakwa, kada ki bar mini 'ya da shayi da burodi irin na mutanen can.

Yaya, saƙonki ya iso. Kin ce tun ranar haihuwa kika naɗe mabiyiyar jaririyar kika ajiye a firiza, kina jiran Kirsimeti ki kawo ta gida, ungozomarmu Inna Siliga ta binne ta da hannunta a filinmu na bakin teku, a dasa kwakwa a kai kamar yadda aka yi mana. Na so in samo miki magana mai daɗi, na rasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kada ki kawo ta.

Filin da kike gani a ranki babu shi. Kwakwarki, wadda aka dasa a kan taki mabiyiyar, ta faɗi a cikar teku ta watan Fabrairu. Da ido na ga igiyar ruwa tana jan ta. Tawa tana nan ta karkace, saiwoyi duk a waje, yara ma an hana su hawa. Inda muke shanya tabarmi da Mama yanzu kwalekwale ke bi. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to mu da muka zauna fa? Ban motsa ko nan da can ba, ga gida yana barina ina kallo, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bari in gaya miki abin da ya faru da Vaisamoa, matar ɗan Kawu Faiva. Jirgin ruwan da zai kai ta asibitin babban birni bai zo ba, sai haihuwar ta faɗo hannun Inna da nas ɗinmu. Idon Inna ya yi hazo, amma hannun yana nan. Ɗan a gicciye yake kwance, ta yi ta murza cikin da man kwakwa safe da yamma har ya juyo. Da hantsi aka haifi namiji lafiyayye, muka yi ta guɗa. Uban ya ɗauki shebur, muka bi Inna da ƙunshin mabiyiya. Bai kai gwiwar hannu ba ramin ya cika da ruwa. Muka matsa ciki, wajen ramukan gwaza, haka. Muka je bayan coci, inda kin san babu tudun da ya fi shi a garin nan, nan ma laka. Inna ta dangwala ta kai baki, ta tofar, ta ce gishiri ne zalla, ko kifi aka sa a ciki ba zai ruɓe ba. Amma ba a barin mabiyiya ta kwana a waje, dole ta binne, ta ɗora tsiron kwakwa.

Bayan kwana kaɗan teku ya cika, ruwa ya ɓulɓulo daga ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake yi mana yanzu. Da safe aka ga tsiron a kwance, ƙunshin a waje, ƙaguwa sun taru a kai. Vaisamoa ce ta fara gani. Kin san abin da ake cewa, yaron da mabiyiyarsa ba ta kwanta ba shi ma ba zai zauna wuri ɗaya ba. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce kada ta sa wannan a ranta, ta ce to, amma har yau da yaron ya yi kuka sai ita ma ta fashe. Tun ranar Inna ta ajiye aikin, ta ba da kwalbar man kwakwarta, ta ce a yi girki da shi. Babu kuma wadda ta koyi aikin a hannunta, 'yan matan duk hankalinsu yana kan jirgi.

Na karanta mata saƙonki tana zaune tana saƙar tabarma. Da na kai wajen firiza ta yi dariya har da tari, ta ce wato Pulafagu ta kwantar mata da mabiyiyar jika tsakanin cinyoyin kaza, a dai gaya wa Telava ya riƙa dubawa kafin ya ɗora tukunya, don ta san shi da kwaɗayi. Daga nan ta ajiye saƙar. Ta ce in gaya miki ki binne ta a can, inda yarinyar za ta sha ruwa ta yi rarrafe. Na taso mata da musu, kin san bakina, na ce gidan haya kuke, ƙasar wani ce. Ta ce ke mai bakin aku, rufe mini baki, mai gida zai iya korarsu amma ba zai haɗiye ƙasar ba, shi wannan maƙwabcin namu teku kuwa har ƙasar yake ci.

Ga yadda ta ce a yi. A bar ƙanƙarar ta narke da kanta, kada a sa ruwan zafi. Ki wanke, ki naɗe a guntun tabarma mai laushi, wajen cibiya yana kallon sama. Uban yarinyar ne zai haƙa, ba Telava ba, zurfin ya wuce gwiwar hannu. Ke za ki sa ta da hannu biyu, ki kira sunan Lototasi, ki kira na Mama da na Baba don su san inda take. Kwakwa ba za ta yi a sanyinku ba, ta ce ki dasa duk abin da ke ba da 'ya'ya, ko lemo ne. Na tambaye ta wane suna za a kira na filin, ta ce a bar wannan, babu amfani a ɗaure yarinya da ruwa.

Saura magana ɗaya. 'Yata Kalisi tana da ciki, kuma sunan mijinta ya fito a ƙuri'ar masu tafiya can wajenku, jirgi mai zuwa za su bi. Inna ta taɓa cikin ta ce namiji ne, ta ce kuma ba ita za ta yanke masa cibiya ba. Ni ban hana su ba, da wane baki? Don haka idan za a haƙa ramin, ki ce kada a sa shi a tsakiya. A matsa gefe, a bar wa mabiyiyar jikana wuri kusa da ta jikarki.

Ki gaishe da Telava, da Emaima da mijinta Lotoala, da Goggo Fuatino in kun haɗu a coci. Semese da Kawu Faiva suna gaisuwa. Inna ta ce ki shafa mata kan Lototasi, ki gaya mata akwai wata tsohuwa da ta so riƙe ta.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Melitiana