Dutsen Kabarin Andok

Benta, goma ga watan Maris

Zuwa ga Yaya Biriga,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ciwon ƙafarki ya lafa, yara da garke kuma suna lafiya.

Ɗana Andok ya rasu ranar uku ga wannan wata, a barikin Rumawa da ke garin Iska, bayan zazzaɓi. Shekararsa goma sha tara. Ya cika a gidan hafsa Aburiyus, wanda na ba riƙonsa tun yana ɗan shekara bakwai, don ya koyi aikin hukuma.

Na isa da sauran numfashinsa. Ya kira uba sau ɗaya, amma da harshensu, harshen da ni na fara ɗora masa harafinsa. Mu biyu muka miƙe, ni da Aburiyus. Shi ya fi ni kusa da gadon, hannunsa Andok ya riƙe.

Sun ƙone gawar bisa al'adarsu, suka zuba tokar a tulu. Yanzu an yi wa Aburiyus canji zuwa arewa, yana roƙon in bar shi ya tafi da tulun.

Ba ni da laifin da zan ɗora masa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya yi kuka a gaban sojojinsa, ni kuwa na tsaya kamar baƙon da ya zo ta'aziyya. Ya san abincin da yaron ba ya so. Ya nuna mini tabo a kafaɗar yaron da ban taɓa gani ba.

Ya sa an sassaƙa dutse, an rubuta Lusiyus, sunan da suke kiransa da shi, a ƙasa kuma: ubansa ne ya kafa. Na tambaye shi wane uban. Ya ce kalmar ta ishe mu mu biyu. Duk dangi ni kaɗai nake iya karanta ta, kuma na san wanda masu wucewa za su ɗauka.

Na kai mawaƙinmu ya yi waƙar makoki, ya jero kakanni. Ya ƙi, wai bai san wani Lusiyus a zuri'armu ba.

Har yau ba a yi waƙar ba. Tulun yana gidan Aburiyus, jibi zai tashi, ban ba shi amsa ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Kunotam