Kati na Hamsin

Port Richmond, 3 ga Afrilu, 2015

Hajiya Hawawu,

Assalamu alaikum. Na gode da ɗawainiyarki ranar jana'izar 'yata Humaira. Na zaɓi rubutu ne domin har yanzu muryata ba ta yi mini biyayya a waya.

A ɗakinta na tarar da kundi mai katuna arba'in da tara, irin waɗanda ake cusawa a kwalin sigari wajen 1890, kowanne da hoton 'yar wasan kwaikwayo. Gurbi ɗaya babu komai. Shekara talatin ina duba huhun mashaya taba. Na hana ta karatun wasan kwaikwayo, ta bi ni likitanci ba musu. Wannan Humairar ban san ta ba.

A shagonki take wuni ran Asabar. Kafin a raba gado wajibi ne in sani: nata ne, ko ajiyar wani? Idan nata ne, zan ƙone su kafin sadakar arba'in.

Wassalam,
Dokta Tajuddeen

*

Fordham Road, 8 ga Afrilu

Dokta,

Wa alaikumus salam, ya ƙarin haƙuri? Nata ne. Kuma kwantar da hankalinka, ba ta shan taba; ko hayaƙin suya sai ya sa ta tari.

Ɗaya-ɗaya ta tara su. Kowace mace da ke jikin katunan, sai ta je laburare ta bi diddiginta: ina aka haife ta, ina aka binne ta. Na ce, "Ke 'yar nan, danginki ne?" Ta ce, "Anti, an sayar da taba da fuskokinsu, aka yar da su tare da kwalin. Ya kamata ko mutum ɗaya ya tambayi inda suka ƙare." Littafin da take rubuta labarinsu a ciki yana nan ƙarƙashin kantana.

Da adireshina take saye, don kar ka gani. Na hamsin ya iso kwana tara bayan rasuwarta. Ga shi tare da wasiƙar nan, ban buɗe ba. In za ka ƙone, haɗa da shi. Ni hannuna ba zai iya ba.

Allah Ya jiƙanta,
Hawawu

*

Port Richmond, 19 ga Afrilu

Hajiya,

Bayan gaisuwa. Na buɗe. Sunanta Cora Lindell. Ba za ta wuce shekarun Humaira ba. Jiya na wuni a laburare, na samo garinsu, ban samo kabarinta ba.

Ban san yadda Humaira take tsara shafukan ba, kuma ba na so in ɓata mata aiki. Ki ajiye mini littafin. Ina tafe ran Asabar.

Allah Ya saka da alheri,
Baban Humaira