Makon Sharar Frau Nägele

Litinin, 16 ga Oktoba

Na rubuta takardar barin gida. Layi huɗu kacal, bayan shekara ashirin da takwas. Tana cikin ambulan a kan firij, ban liƙe ba tukuna. Yaya Frauke ta samo mini ɗaki biyu a ƙasan gidanta a Husum, garinmu na bakin teku, kuma an ce za a ajiye mini har huɗu ga Nuwamba, bayan nan a ba wani. Mijina Eberhard ne ya kawo ni Stuttgart, shi kuwa wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa. To me nake jira a wannan kwarin? Gari kamar tukunya, tuddai ta ko'ina, iska ba ta shiga ba ta fita. Ni 'yar bakin teku ce.

Laraba, 18 ga Oktoba

Yaya ta iso, za ta yi mako guda. Wai ta zo taya ni haɗa kaya, amma tun daga tashar jirgi take ɗaukar hotuna. "Wiebke, dubi gonar inabi a tsakiyar gari! Ba ki taɓa gaya mini ba!" Na ce mata, Yaya, inabin nan hayaƙin mota yake sha tun safe. Ko a jikinta.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na kai ta yawo, abin da ban yi wa kaina ba tun ran da Eberhard ya kwanta ciwo. Mun hau jirgin ƙasan nan mai haƙora da ke hawa tudu, tana ta ihu kamar yarinya, mace mai shekara sittin da takwas. Mun sauko da ƙafa ta matakalan unguwa, ta ƙirga ɗari uku da wani abu kafin numfashi ya ƙare mata. Ta ce gari ne mai daɗi. Na ce daɗi ga mai ɗauke da kyamara, ki zo ki hau su a watan Janairu da jakar dankali a kowane hannu.

Da muka dawo muka ci karo da Frau Nägele a ƙofar gida. Shekararta tamanin da huɗu, tana hawa na farko, ita ce sarauniyar makon shara. Gida huɗu ne a benen nan, kowa da makonsa: ka share matakala daga sama har ƙasa, ka goge, ka wanke durom ɗin shara, ka kwashe ganyen ƙofar gida. Idan ka gama ran Asabar sai ka rataya ɗan allon katakon nan a ƙofar mai bi maka. Makona na farko a gidan nan, matar nan ta bi bayana ta shafa yatsa a kan katakon da ake dafawa a gefen matakala, ta ɗaga mini yatsan in ga ƙura. Tun daga ranar takardunta ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofata. "An manta da kusurwa." "Tsumma ya jiƙe da yawa." Har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Frau Bäuerle, wato da sunan gidan mijina.

Ta dubi takalman Yaya, ta dubi tabarmar ƙofa. Yaya ta koma ta goge ƙafa.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Yau Yaya ta ce mutanen garin nan fuskarsu a ɗaure kamar an yi musu mutuwa, kuma abincinsu ƙullu ne a kan ƙullu. Sai na ji raina ya ɓaci. Na ce ai ba ta ci na ƙwarai ba ne. Ni ce fa nake faɗin haka shekara da shekaru, amma da ya fito daga bakinta sai ya yi mini zafi. Ban san me ya sa ba. Gajiya ce.

Asabar, 21 ga Oktoba

Kai, yau Yaya ta kwafsa!

Na tafi kasuwa da safe na bar ta tana shan kofi. Ashe ta leƙa ta ga allon a ƙofar Frau Nägele, ta ga bokiti a ajiye, ta tuna tsohuwar da ta gani da sanda. Sai tausayi ya kama ta. Ta share benen tas, ta goge, ta kwashe ganye, har tana waƙa, kowa na gidan ya ji ta. Na dawo na tarar da ita tana murmushi tana jiran yabo.

Ban ajiye jaka ba aka ƙwanƙwasa. Frau Nägele ce, da tufar aikinta a ɗaure.

"Wa ya taɓa makona?"

Yaya ta ce, "Ni ce, Baba, na ga kamar zai yi miki nauyi."

"An gaya miki na mutu ne?"

Ta juyo gare ni. "Ita baƙuwa ce, ba ta sani ba. Ke fa, Frau Bäuerle?" Na buɗe baki in mayar mata, don na daɗe ina tara mata magana. Sai na ga idonta ya cika. Ban taɓa zaton akwai ruwa a idon nan ba. Ta sauka a hankali tana dafa katakon da Yaya ta goge.

Yaya ta ce, "Wane irin gari ne wannan da alheri ke zama laifi? Tattara kayanki, ƙanwata."

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na sauka da kek ɗin tuffa. Ta bar ni a tsaye a ƙofa har na fara jin kunya, sannan ta matsa. Karo na farko ke nan da na shiga falonta.

Ashe ɗanta Rüdiger, wanda ke Ulm, ya daɗe yana so ya kai ta gidan tsofaffi. Ita kuma ta ce masa ran da ta kasa yin makonta, ranar za ta bi shi ba musu. Shi ya sa duk Asabar ɗin makonta yake zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, wai ziyara. Jiya yana shigowa maƙwabcin sama ya tare shi da labari mai daɗi: wata baiwar Allah ta hutar da mahaifiyarka yau. Kafin ya tafi ya bar mata takardun gidan a kan tebur. Na gan su, ta ɗora tukunyar fure a kai.

Na ce Yaya taimako ta yi niyya.

"Taimako da waƙa? Ni da na yi naki wata bakwai, wa ya ji?"

Na ce makona kuma?

Ta kau da kai kamar wadda ta yi suɓutar baki. Sai ta ce, "Lokacin da mijinki yake asibiti. Kin ga allo a ƙofarki?"

Ban gani ba. Wata bakwai ina fita da duhun safiya ina dawowa da jan ido, ban taɓa tambayar kaina ina allon ya shiga ba. Na ce na gode.

"Ba don ke na yi ba, don bene na yi. Sharar da kike yi a lokacin ba ta ganuwa." Ta yanka kek ɗin ta ɗanɗana. "Sukari ya yi yawa."

Ta cinye yanka biyu.

Talata, 24 ga Oktoba

Yaya ta tafi. A tasha ta rungume ni ta ce, "Ki aika takardar nan yau, kin ji? Sabo turken wawa ne." Na ce to. Ina sonta, Allah ya sani, kuma ina kewar teku har cikin ƙashina. A hanyar dawowa na sauka tasha ɗaya kafin tamu na hau matakalan da ƙafa. Ganyen inabi ya yi ja a kan tudun can. Yana yin haka kowace shekara kuwa?

Alhamis, 26 ga Oktoba

Wannan makona ne. Na cire allon daga ƙofata na rataya a tata, na haɗa da 'yar takarda: "Baƙuwata ta ƙwace miki mako, ga nawa." Na ji daɗin tura mata takarda ni ma, ko sau ɗaya a rayuwa. Da yamma na jiyo ta daga ƙasa tana waya da ƙarfi: "Ka zo ran Asabar ka gani da idonka!"

Asabar, 28 ga Oktoba

Tun jiya abin ke cina. Shara za ta iya, gogewa za ta iya. Bokiti cike da ruwa har hawa na uku fa, da sanda a hannu ɗaya? Yaushe rabon da in lura yadda take yi?

Ƙarfe bakwai na fita da safa, ba takalmi. Na ajiye bokitin ruwa a kowane hawa, a lungun bayan tukwanen fure, na koma na rufe ƙofa. Na zauna a kujera bayan ƙofata ina saurare kamar ɓarauniya. Na ji tsintsiya. Na ji ta tsaya a hawa na uku, shiru ya yi tsawo har na miƙe. Sai na ji ƙarar tsumma a ruwa.

Awa biyu da rabi ta yi. Rüdiger ya shigo tana kan matakala ta ƙarshe, na ji ta ce masa, "Goge ƙafarka, kai. Ba ka ga an yi aiki ba?" Na toshe bakina kada su ji dariyata, daga nan kuma sai ga hawaye. Eberhard, da kana nan da ka yi mini tsiya har dare.

Litinin, 30 ga Oktoba

Takarda ta ƙarƙashin ƙofa: "Ruwan ya yi zafi da yawa, yana ɓata katako." A waje kuma bokitaina uku a jere, an wanke an kife su.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ta liƙa jadawalin shara na baɗi a zaure, da rubutunta mai kama da na makaranta. Gida uku ta rubuta da biro. Gurbina babu komai, sai fensir da ta ɗaure da zare a gefe. Wa ya gaya mata zan tashi? Ai dai Yaya ba ta iya magana a hankali ba.

Na ƙirga. Makonta zai zo a Nuwamba, da Disamba, da Janairu, duk ina nan, tunda wa'adin barin gida wata uku ne. Na Fabrairu kuwa oho, ba ruwana. Wanda zai shigo gidana shi ya sani, in ma ya lura.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ban aika ba. Ba wai na yanke wata shawara ba ce, ambulan ɗin ya ɗan yi maiƙo a kan firij, kuma ba a aika wa mai gida takarda mai maiƙo. Na kira Yaya na gaya mata. Ta ce, "To zan riƙa zuwa, amma ba zan ƙara taɓa muku tsintsiya ba." Na ce in ta zo a bazara zan kai ta inda ake abincin ƙwarai.

Na sayo sabuwar tsintsiya, wadda nake da ita ta cinye. Da na zo wucewa ta zaure na cike gurbin nan, don kada jadawalin ya zauna da rami. Fensirin bai da kaifi, sai na yi da biro.

Frau Nägele tana tsaye a saman matakala, ban san tun yaushe ba. Ta dubi jadawalin, ta dubi tsintsiyar.

"Wannan ba ta shiga kusurwa, Wiebke. Ran Litinin zan nuna miki inda ake sayen ta kirki."