Ɗinki Biyu a Bayan Bappayo

Dei-Dei, Abuja
3 ga Maris

Yaya Hafiza,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan lafiya, sai ciwon bayan maigidana Bappayo da ya sauka ƙafar hagu, har zuwa kasuwar shanu ya gagare shi.

Likitar da muka gani a asibiti, Kauthar sunanta, ta ce faifan da ke tsakanin ƙashin bayansa ne ya zame ya danne jijiya. Wai ba za a tsaga shi ba, 'yar ƙofa za a huda a zura kyamara, jini kaɗan, kwana biyu ya koma gida. Sai kuma ta shiga jero mana: ana iya taɓa jijiya, wurin na iya yin ruwa, ciwon na iya dawowa. Ta miƙo takarda ya sa hannu. Hankalina bai kwanta ba. Mai gaskiya me zai sa ya fara wanke kansa tun kafin aiki?

Ƙanwarki,
Fatu

20 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. An yi aikin. Na ɗaga filasta na leƙa, ɗinki biyu kacal, ƙahon wanzami ma ya fi shi barin tabo. Yana takawa, ya ce zafin ƙafar ya tafi. Amma ciwon shekara uku ne zai fita ta wannan ramin? Zargina allurar kashe zafi suka dirka masa suka sallame mu.

Likitar ta hana shi sunkuyo da ɗaukar nauyi har sati shida, salla ma a kujera. Na ce lallai, kada asiri ya tonu ke nan. A kasuwarsu ba a sayen sa yana kwance, sai an tashe shi an ga tafiyarsa. Na matsa masa ya je ranar Laraba ya riƙe igiyar sa ɗaya, mu ga gaskiyar aikin.

A gaida Inna.
Fatu

28 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida? Daga asibiti nake rubuto miki. Ya je kasuwar, san ya fizge shi, a keke napep aka dawo min da shi. Hoto ya nuna aikin farko ya yi kyau, faifan ne ya sake ɓallewa kafin wurin ya kama. Yanzu yatsun ƙafar ba sa motsi. Gobe za a yi masa babban aiki, likitar kuma ba ta yi alkawarin ƙafar za ta dawo ba.

Ta tambaye shi wa ya aike shi kasuwa, ina tsaye a gefen gado. Ya ce kansa ne. Ko kallona bai yi ba, Yaya.

Ki sa Inna ta roƙa masa. Ni kunya ta hana ni kiranta.

Taki har kullum,
Fatu