Takalman Baba a Buɗewar Shiri

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni dai da sauƙi, gajiya ce kawai ta yi min katutu.

Kin tambayi aikina. Har yanzu ni ke rubuta minti ɗayan farko na fodkas ɗin Oga, shirin nan na murya da ake saurara a waya. Dokarsa ɗaya ce: kowane shiri ya buɗe da ɗan labari daga rayuwarsa, don kada mai sauraro ya gudu. Mutumin kirki ne, amma rayuwarsa ba ta kai shiri ɗari da arba'in ba, tun a na talatin ta ƙare. Daga nan na ba shi malamin lissafinmu, na ba shi faɗuwarki daga keke, ya karanta da muryar nan tasa kamar shi ne ya karye a hannu.

Makon jiya shirin kan rashi ne. Muna ɗakin ɗaukar murya, fanka a kashe saboda ƙara, takardata fara fat, Oga sai duba agogo yake yi. Yaya, sai na rubuta takalman Baba. Yadda Mama ta shekara bayan rasuwarsa tana goge su kowace safiya tana ajiyewa a bakin ƙofa. Ni kaɗai ta faɗa wa dalili, shi ma na sa. Oga ya karanta yana cewa mahaifiyarsa ce, har mai haɗa sauti ya share hawaye.

Sai da shirin ya fita na tuna ni da hannuna na saka wa Mama fodkas ɗin a waya, kuma ba ya wuce ta.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na je gida ranar Juma'a. Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta ji, an karanta da kyau, sai dai takalman ruwan ƙasa ne, ba baƙaƙe ba kamar yadda aka faɗa a shirin. Ta kawo min abinci, ta tambayi hanya. Kwana biyu na yi, duk abin da na tambaya, lafiya lau. Maƙwabciya ta shigo suna ta hira, ina ɗaga labule Mama ta yi shiru. Wallahi kunya kamar in nutse.

Oga kuwa ya ce ba a taɓa sauraren wani shiri kamar wannan ba, yana son irinsa ranar Litinin.

Na ga Mama tana jan ƙafar hagu in ta tashi. Don Allah ki kira ta ki ji me ke damunta, sai ki rubuto min. Ni ba za ta faɗa min ba.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta