Layin Ɗan Rakiya a Takardar Asibiti

Malama, don Allah ki agaza mini, na rasa wanda zan gaya wa. Ni direban babbar mota ne, shekara talatin ina kan hanya. Wata biyar ke nan abinci na tsaya mini a ƙirji, na rame har sau biyu ina ƙara wa bel ɗina huda. Likita ya ce sai an zura 'yar kyamara ta bakina a duba cikina.

Karon farko na zaɓi feshin da ke kashe maƙogwaro, don shi ba ya buƙatar ɗan rakiya. Ni da nake cika baki a tasha, robar kyamarar na taɓa maƙogwarona na fizge ta, saura kaɗan in ture nas. Aka ce in dawo a yi mini allurar da ke sa gyangyaɗi, amma sai da wanda zai mai da ni gida ya zauna da ni. Takardar na aljihuna, layin sunansa fayau.

'Yata ɗaya ce tal. Ranar da mahaifiyarta ke jinyar ajali, yarinyar ta kira ni sau bakwai, na ce bari in sauke kaya tukuna. Ban tarar da uwar da rai ba. Shekara huɗu ke nan yarinyar ba ta ɗaukar wayata. Da wane baki zan ce ta zo ta zauna mini a benci? Sau biyu ina ɗage ranar. Wallahi na karaya, ina ganin in bar shi kawai.

Direban da ya gaji

Malam direba, Allah ya ba ka lafiya. Fizge robar ba ragwanta ba ne, wasu maƙogwaronsu ba ya jurewa a farke. Dokar rakiyar ma ba wulaƙanci ba ce: allurar kan bar mutum da jiri da mantuwa, kuma ranar ko keke kada ka tuƙa. Kada ka rubuta sunan ƙarya. Koma ka gaya wa likita gaskiya, ka tambaya ko za su iya ajiye ka har ka wartsake, ko ka nemi abokin aiki ɗaya mai riƙe magana. Abinci na tsayawa, jiki na zubewa, wannan ba abin ɗagewa ba ne.

'Yarka tana da hujjar fushinta, ba zan rufe maka ba. Kada ka fara da ciwon, za ta ga buƙata ce ta tuna maka da ita. Rubuta mata cewa ka yi laifi, ba tare da kawo uzuri ba, sannan ka faɗa mata ranar gwajin. Mai yiwuwa ba za ta zo ba. Amma ka taɓa cewa bari tukuna a kan asibiti, kuma ka san abin da ka tarar. Wannan karon ajiye motar ka je. Allah ya sa a ga alheri.