Wuƙar da Na Aiko wa Inna

Yaya,

Ina gaishe ka. Yaya ƙafar Inna?

Na ga hoton wuƙar da na aiko mata. Wa ya sa ka kai wa mai washi? Kwana uku na yi ina goge ta, daga samfefa, takardar yashi, mai kaushi zuwa mai laushi, har na ga fuskata a jikinta. Shi ya ɗora ta a dutse ya kakkarce ta, kai kana tsaye.

Lafiyata ƙalau. Zanen yatsuna ne dai ya shafe saboda gugar, waya ma ta daina gane yatsana. Kada Inna ta ji.

Ka maido min da ita in sake gogewa. In ta dawo, kada ka taɓa ko ƙotarta.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka